Saniyar da na sayar domin kunnen jikata

Takardar digirin autata tana ƙasan akwatina, cikin leda, ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa. Nakan ciro ta in duba, ko da yake ban san baƙi ko ɗaya a cikinta ba, don ban taɓa taka ƙofar makarantar boko ba. In shafa hatimin, in juya bayanta, in mayar. Sai in tashi in duba randa, in leƙa turken awaki, in dawo in sake buɗe akwatin. Babban ɗana ya ce saniya guda ce kwance a cikin ledar nan, ba ta nono, ba ta haihuwa. Ban ba shi amsa ba har yau, kuma ba don ina jin nauyinsa ba ne.

Saboda jikata aka yi wannan karatu. Ɗiyar babban ɗan nawa ce, kurma ce, amma ba haka aka haife ta ba.

Lokacin da zinari ya bayyana a dajinmu na Sunke, ubanta ya bar gona ya bi masu haƙa. Yakan dawo da buhunan dutse a bayan babur. Wasu suna kai nasu injin niƙa a bakin gari, su bar shi a hannun samari su tafi. Ni na hana. Na san samarin, na san iyayensu, na san hannunsu ba ya zama wuri ɗaya. Na ce a kawo gida, a daka a gabana. Aka kawo. Turmin da nake surfen gero a ciki shi na bayar da hannuna. A tsakar gida ake fasa dutsen, a daka, a shanya garin, ƙurarsa ta kwanta a kan komai har murfin tukunya. Yarinyar tana tatata a lokacin. Uwarta mai son hira ce, ban yarda da renonta ba, sai na riƙa ɗauko ɗiyar ina zaunar da ita gefen turmi, kusa da ƙafata, inda idona zai kai. Tana wasa da ƙasar, tana kai hannu baki kamar kowane yaro.

Da yaran gari suka fara jijjiga, tana cikinsu. Aka kai ta asibiti a Anka, likitoci suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen. Daga baya ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar gidajenmu, suka zuba sabuwa, suka tafi da turmin. Ta rayu, wasu ba su rayu ba. Amma da aka dawo da ita, ko kwano ka jefar a bayanta ba ta waiwayowa. 'Yan kalmomin da ta fara, Inna da ruwa, suka bi kunnen suka tafi.

Ba wanda ya taɓa ce mini ke ce sanadi. Babu mai wannan ƙarfin halin a gidana.

Auren iyayenta bai daɗe ba bayan haka. Uwar ta sake aure a Gummi, ɗiyar ta zauna hannuna. Ni na ƙirƙiro mana hanyar magana. In ina son ta duba ni, in buga ƙafa a ƙasa, ta ji a jikinta. In yafito ta, ta zo. In nuna tabarma, ta zauna. Ci, bari, kwanta, ɗauko, mayar. Duk gidan ni kaɗai take bi ba gardama, kuma ina alfahari da haka. Sai dai tana tsawo hankalina yana ƙara tashi. Ina dubanta in ce, in na mutu fa? In wani ya tare ta a hanyar rijiya, da wane baki za ta faɗa? In cikinta na ciwo, wa zai san ciki ne ba kai ba? Na hana ta fita ko ƙofar gida sai da ni. Ko banɗaki na shiga, kunnena yana tsakar gida.

Ina da saniya ɗaya, fara mai tozo, asalinta gadon mahaifina ne. Shekara da shekaru tana hannun wata Bafulatana ƙawata da mijinta, su sha nonon, ɗan da ta haifa nawa, kamar yadda aka saba tsakaninmu da su. Da daji ya lalace, ɓarayin shanu suka hana kowa sakat, mijin ya jawo ta har ƙofar gidana ya ce in karɓi amanata tun tana nan. Na kafa mata turke a gefen rumbu. Daga ranar jikata ta samu abokiyar zama. Ita ke ba ta dusa, ita ke cire mata kaska. Takan kwantar da kanta a kan cikin saniyar, ta manna kumatu, ta lumshe ido. Na daɗe ban gane ba, ashe rugugin cikin take ji a ƙashin fuskarta. Shi ne kaɗai sautin da ya rage mata a duniya.

Autata kuwa ita ce ta goya yarinyar tun tana jaririya. Ta gama sakandare a Anka, kanta yana ja. Ita nake aikawa da yarinyar asibiti duk lokacin da suka ce a kawo a duba jini. Wata rana ta dawo ta durƙusa gabana ina tsintar wake.

"Inna, akwai karatun da aka yi a jami'a don koyar da irin ɗiyar Yaya. Kurame, makahi, da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Shi nika so."

Na ajiye faifan. Kalma ɗaya ce ta shiga kunnena, kurame. A raina na ce ashe akwai inda ake koyon gyaran wannan abu, shekara nawa ba wanda ya gaya mini.

"Amma Inna, ki bari in yi miki bayani, ba wai kunnen na..."

"Na ji. Ba ni son dogon turanci. Shekara nawa?"

"Huɗu."

"Tashi ki ɗora ruwa."

Haka nake. Ban cika barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa ba, don a ganina na riga na san ƙarshen.

Yayanta ne ya tayar da ƙura. Ya tsaya a bakin ɗakina da hularsa a hannu.

"Inna, wane irin karatu na wanga? Ta yi na asibiti mana, ko malanta irin ta kowa, ga kwaleji nan kusa. Makarantar kurame nawa kinka gani tsakanin nan da Gummi? In ta ƙare, wa za ya ɗauke ta aiki?"

"Kai anka tambaya?"

"To da mi za a biya? Geron bana ko mu bai kai mu damina."

"Da abin da ba naka ba."

Ya bi idona da kallo har turken saniya, ya mayar da hularsa ya fita.

Na sani maganarsa ba duka ce wofi ba. Jami'ar da ke wannan fanni ba kusa take ba, kuɗin mota kaɗai ya isa ya karya mutum, ga rajista, ga wurin kwana, ga abinci a garin da ba ka da kowa. An ce gwamnati na taimaka wa ɗalibai, mun cika takardu, mun kai hoto, ba mu ga komai ba. Ran kasuwar Gummi da sassafe na kama hannun jikata na kai ta gidan maƙwabta, na nuna mata tabarma. Na dawo na kwance igiyar saniyar da kaina, na miƙa wa dillali a ƙofar gida. Da ta dawo ta iske turke babu kowa, ta zagaya rumbu, ta leƙa zaure, ta zo gabana ta ɗora yatsu biyu a kanta kamar ƙaho. Na san sarai abin da take tambaya. Na nuna mata kwanon tuwo, na ce ci. Ta yi watanni tana yi mini ƙahon nan, ina nuna mata wani aiki, har ta daina.

Shekara huɗun da aka ce ta zama biyar da wani abu, saboda yajin aikin malamai. Bayan saniyar rabin awakina suka bi, sai 'yan kunnena na aure, sai gadon ƙarfen da ban taɓa tsammanin zai fita ɗakina ina raye ba. Wani yaron kirki daga Adabka da ke neman auta ya jira, ya gaji, ya auri wata. Matan unguwa suka samu abin taunawa. Wata mai kaifin baki ta tare ni a gidan suna.

"Inna, an ce autarki ta tahi jami'a koyon bebanci? Ai da ta zamna gida, ga malama nan kyauta a ɗakinki."

Na ce, "Ke da kinka iya magana tun kina goye, mi ta amfane ki?"

Aka yi dariya. Amma na dawo gida maganar tana ci na.

Auta ba ta cika zuwa hutu ba, hanya ba lafiya, mota kuma ba araha. Duk zuwan da ta yi, da zarar ta shiga wanka sai in buɗe jakarta. Na taɓa ganin wani yaro a asibitin Anka da ɗan wani abu maƙale a bayan kunne, shi nake nema, ko kwalbar magani, ko wani ƙarfe irin na likitoci. Ba na samun komai sai takardu da garin kwaki. In tambaye ta, "Ina abin?" Ta ce, "Inna, ba mu kai wurin ba tukuna." In ƙirga watanni, in ce to wata shekara.

A hutun shekara ta uku ne na ga ta zaunar da yarinyar a gindin darbejiya. Ta ɗauki ludayi ta nuna mata, ta yi wani motsi da hannu. Ta ɗauki tsintsiya, ta yi wani. Tana yamutsa fuska, tana ɗaga gira, kamar mai wasan yara. Na tsaya da muciya a hannu ina kallo, kwana ɗaya, kwana biyu. A na uku na kasa haƙuri.

"Ke, wannan ai ni ma ina yi, kuma ban sai da saniya ba kahin in iya. Yaushe za a hwara na kunnen?"

Ta miƙe a hankali, ta kakkaɓe zanenta.

"Inna, kunnen ba ya buɗewa."

"Mi kinka ce?"

"Ba ya buɗewa. Ko abin maƙalawan nan bai yi mata komi, likita ya hwaɗi tun tuni, ke kinka tashi kinka hita kahin ya ƙare. Ni malanta nika koyo, ba likitanci ba. Na so in gaya miki tun ran farko, kinka ce in ɗora ruwa."

Ban san lokacin da muciyar ta faɗi ba. Na shiga ɗaki na zauna a inda gadon ƙarfe yake a da. Har ta koma makaranta ban ƙara yi mata magana ba, ko sallamarta ban amsa da ƙarfi ba. Yayanta ya ce tun da abin ya fito fili, a dawo da ita haka nan, a tsira da abin da ya rage. Zan so in ce hangen nesa ne ya sa na ƙi. Ba shi ba ne. Matar gidan sunan nan na tuna, na ce ba za ta ga ɗiyata ta dawo hannu wofi ba. Na sayar da tunkiyar ƙarshe, na ce ta ƙarasa.

Ta ƙarasa, ta yi bautar ƙasa, ta dawo da takardar. Ta kai kwafi ofishin ilimi a Anka, ta kai Bukkuyum, ta kai Gummi. Ko'ina sai a yaba, a ce ai irinku ake nema, a ce ta saurara. Tana saurare har yau. Wata ƙaramar makarantar kuɗi ta ba ta ajin yara masu ji da gani, abin da suke ba ta bai wuce na sabulu da man shafawa ba. Da la'asar in ta taso sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ita da yarinyar. Ba a jima ba wasu mata biyu suka fara kawo nasu, sa'o'in jikata, waɗanda ciwon shekarar nan ya bar wa tabo. Ladan da suke kawowa ɗan gero ne a kwano, wani lokaci kuka ko daddawa. Ina karɓa in juye, in ce a raina, yau ga digiri ya haifi daddawa.

Mun koma magana da auta, amma sama-sama. Wata rana ta ce in nuna mata duk alamun da nake yi wa yarinyar, tana so ta ɗora a kansu, don waɗanda aka koya musu a jami'a ba duka ne suka dace da gidanmu ba. Raina ya ɗan yi sanyi, na ce ashe dai ana bukatata. Na jero mata su duka. Ta gama kallo ta ce,

"Saura."

"Babu saura."

"Inna, zo, zamna, ci, bari, kwanta. Duk umurni na. Ina wadda kika tambayarta da ita?"

"In tambaye ta mi?"

"Ko mi. Mi taka so, ina ka yi mata ciwo, mi ta gani."

"Ni nika sanin abin da taka so."

Ta tashi ta fita. Ni ma na tashi na hau sharar inda na riga na share. Shekara goma sha wani abu ina tsoron ranar da za a cuce ta ta kasa faɗi, ban taɓa lura ba ko a wurina ba ta da hanyar faɗin komai.

Abin ya tafi a hankali ƙwarai. Auta ta ce an makara da ita sosai, abin da yaro ke ɗauka cikin wata ita sai ta shekara. Wani lokaci yarinyar ta ture hannun gwaggonta ta tafi bayan rumbu ta zauna. Wani lokaci su yi ta abu ɗaya mako guda, washegari ya gudu. Ina leƙensu ta tagar ɗaki, ina cewa ɓata lokaci, amma ban taɓa fasa leƙen ba.

Sai mijin ƙanwata ya rasu a Adabka. Dole in je, kuma hanyar ba wadda za a ɗora budurwa kurma a babur ba ce a irin wannan zamani. Tun da aka dawo da ita daga asibiti ban taɓa kwana nesa da ita ba. Na jera wa auta dokoki har mai babur ya gaji ya kashe inji. A gidan makoki jikina yana tabarma, hankalina yana Sunke. Ana addu'a ina shafawa, ina tunanin ko an rufe rijiya. Ƙanwata da ke cikin takaba ita ce ta koma ba ni haƙuri. Ana gama sadakar uku ban jira abinci ba, na nemi babur.

Na shigo gida da hantsi, ƙura har gira. Kafin in aje ƙunshina yarinyar ta taso da gudu ta tsaya gabana, hannuwanta suka hau tashi kamar an kunna inji. Ban taɓa ganin ta yi haka ba. Ta kama girarta biyu ta haɗe su da yatsa, ta nuna ni, ta ci gaba.

"Mi taka cewa?"

Auta tana dariya har da riƙe ciki. "Wannan haɗe girar sunanki na, Inna. Haka taka kiranki."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Ta ce ran da kinka tahi na ƙona tuwo, na kankare na ba awaki don kar ki gani."

"An yi haka?"

"An yi."

"Sai mi?"

"Ta ce Yaya ya hau rumbu ya ɗebi gero bai gaya ma kowa ba. Ta ce maƙwabciya ta ari tukunyarki babba, ta maido ta da tsaga, ta juya tsagar wajen bango."

Na je na juya tukunyar. Ga tsagar nan. Na dawo na zauna a bakin ɗaki. Ashe duk shekarun nan da nake tsaron gidan nan da ido, akwai wani idon a gefena da ya fi nawa, yana tarawa, ba shi da inda zai zuba. Na ce a raina, alhamdulillahi, yanzu ko na mutu, wanda ya taɓa ta sai ta faɗi kamanninsa har kalar takalminsa.

Ban gama wannan tunani ba ta matso ta durƙusa daidai fuskata. Ta ɗora yatsu biyu a kanta. Ƙahon nan da ta daina yi mini shekaru. Dariyar auta ta tsaya. Hannun yarinyar ya ci gaba, a hankali wannan karon, idonta cikin nawa.

"Ta ce kin kai ta gidan maƙwabta. Ta ce ta leƙo ta hudar darni. Wani mutum mai jar hula ya zo. Ke kinka kwance igiyar, ke kinka ba shi." Auta ta dube ni. "Tana tambaya, don mi?"

"Ki ce mata..."

"A'a, Inna. Ke anka tambaya."

Ba a taɓa yi mini haka a gidana ba. Na buɗe baki in yi faɗa, na ga ba wanda faɗan zai kai wa. Na ɗaga hannuwana. Na yi ƙaho. Na yi alamar tafi. Na nuna auta, na nuna nesa. Sai na kama hannun yarinyar biyu, na ɗaga su, na girgiza. Saniya ta tafi, gwaggo ta tafi, aka samo wannan. Iyakar abin da na iya ke nan.

Ta dubi hannuwanta. Ta dubi turken saniyar. Ta tambaya ko saniyar za ta dawo, wannan ko ni na gane. Na girgiza kai. Ta tashi ta koma bayan rumbu. Kwana biyu ko na buga ƙafa ba ta dubana, kuma na san tana ji a jikinta.

Tun daga nan ban ƙara samun zama ba. Ta gano don mi, ta kama shi ba ta saki. Don mi Baba ba ya cin abinci da mu, don mi uwarta take Gummi, don mi ake rufe rijiya. Wata la'asar na hango ta a gindin darbejiya tana nuna kunnenta, tana nuna kunnen sauran biyun, tana nuna wasu yara da ke wucewa suna surutu, sannan ta yi alamar don mi. Auta ta ɗago ta dubi tagata. Na saki labule.

Na kwana uku ina zagaya gidan nan kamar wadda ta yar da allura. Zan iya barin auta ta ce mata ciwo ne, Allah ya kawo, kuma ba ƙarya ba ne. Amma na san idon yarinyar nan. Wata rana wani zai ba ta labarin dutsen, ta zo ta durƙusa gabana kamar yadda ta yi a kan saniya, ko kuma ta zo ta iske ba ni. Na kira auta ɗaki.

"Koya mini turmi."

"Turmi, Inna?"

"Turmi, da dutse, da jinjiri. Da yadda aka cewa ni ta."

Ta zauna gefena. Wannan karon na bar ta ta yi bayaninta har ƙarshe, ban katse ta ba ko sau ɗaya. Mako guda tana lanƙwasa mini yatsu, tsofaffin yatsun da suka saba da nuni kawai.

Ran da na shirya, da hantsi ne, gidan ba kowa sai mu uku. Na buga ƙafa. Da ta waiwayo ban yafito ta ba, na ɗaga gira na tambaye ta ko za ta zo, yadda aka koya mini. Ta yi turus, sannan ta taso. Na kai ta tsakar gida, daidai inda turmin yake a da. An canza ƙasar wurin, amma ƙafata ba ta manta ba. Na zauna a ƙasa, ta zauna. Na yi dutse. Na yi turmi, na yi daka. Na yi jinjiri, na nuna ta, na dafa ƙasa gefen ƙafata. Na yi hannu zuwa baki. Na taɓa kunne, na rufe shi. Sannan na dafa ƙirjina.

Can ta yi wata alama da ban sani ba, na dubi auta.

"Ta ce, kin sani?"

Na girgiza kai. Na sake girgizawa. Na so in ƙara da cewa don in tsare ki ne na ajiye ki a wurin, amma ba a koya mini wannan ba, kuma ban tabbata ya kamata in faɗa ba.

Ta yi ta kallona har na ji kunyar ɗiyar ɗana. Sai ta miƙo hannu ta kama nawa. Na ɗauka rungume ni za ta yi, ko ture ni. Ta buɗe mini tafin hagu, ta dunƙule na dama, ta gyara mini babban yatsa, ta buga ɗaya a kan ɗaya sau biyu. Ashe turmin nawa a karkace yake. Ta sa na maimaita har sau uku, sai da ya yi mata, sannan ta tashi ta tafi ba awaki ruwa.

Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ban kuma san inda ta ajiye ta ba. Auta ta ce in ba ta lokaci. Ofishin ilimi har yanzu shiru, ɗana har yanzu yana maganar saniyar da ke cikin leda, ni ma wani lokaci in na dubi turken nan sai in ji zuciyata ta yi nauyi. Jiya na ciro takardar ina shafa hatimin, na ɗago na gan ta tsaye a bakin ƙofa, gira a ɗage, hannu ya riga ya fara tashi. Na ajiye ledar a cinyata, na matsa mata wuri a tabarma.